Ranar Da Na Sa Kawu Gudu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma Allah ya sani na so), zamanin Turawa ne, ina ɗalibi a wata 'yar makarantar koyon aikin majigi a Kaduna, na sa Kawuna gudu a gaban mutanen Randagi kaf. Sai ka san Kawu za ka gane girman wannan laifi. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifina, kuma duk ƙasar Birnin Gwari an san shi da abu biyu: kiwon zuma da tafiya a hankali. An taɓa yin gobara a rumbunsa, ya taho a tafiyarsa ta kullum, har ya tsaya a hanya ya amsa gaisuwar wani Bafulatani. Ba ya dariya da ƙarfi, ba ya ɗaga murya, kuma ban san wanda ya taɓa ganin ya kai wani abu bakinsa a gaban jama'a ba.

Tun farko Kawu bai so tafiyata makarantar nan ba. A ganinsa majigi wasan yara ne, kuma namijin da ya kai munzalin aure bai kamata ya ƙare a haska inuwa jikin ƙyalle ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗi guda. Ya ce, “Je ka yi shekara. In ta cika zan ga abin da ka koyo da idona. In sana'a ce, ka ci gaba. In wasa ne, ga fartanya, ga amya, suna jiranka.” Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar ƙudan zuma, don haka maganar nan ta zauna mini a rai daram.

Na yi wata tara a makarantar. Sababbin ɗalibai suka iso, su bakwai, kowa da akwatinsa a ka. Malaminmu wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki. Shi ya ce in tara baƙin in gaya musu abin da za su tarar a makarantar, tunda ni ne na fi kowa daɗewa a cikin 'yan ajinmu (da kwana huɗu na riga sauran zuwa, amma ban ga dalilin faɗa wa baƙi wannan ba). Na goge gajeren wandona na kaki har ya yi kaifi, na maƙala fensir a kunne, na zaunar da su a gindin mangwaro, ni kuwa na hau benci.

Na fara da abin da ya fi muhimmanci, wato abinci. Na gaya musu tuwon dawa ne da miyar kuka kullum ta Allah, ran Juma'a kuma wake, kuma duk abin da suka gani yana iyo a cikin waken kada su tambaya, nama ne. Na gaya musu ƙararrawa ce uwarsu da ubansu: ita ke tashe su, ita ke ciyar da su, ita ke kwantar da su. Na ce su fitar da gadajensu rana duk Asabar, in ba haka ba kuɗin cizo zai cinye su kafin su ga kyamara da idonsu. Na ba su labarin ɗakin duhu inda ake loda fim, inda za ka yi sa'a guda ba ka ganin ko tafin hannunka, ga wari kamar na marina. Na ce wata na farko ba mai barin su taɓa komai sai ɗaukar ƙafafun kyamara da goge gilashi. Wata na biyu za su koyi manna fim in ya tsinke. Sai a wata na uku za a ba su kyamara, ita ma ba komai a cikinta, su yi ta juyin banza har kafaɗa ta sage.

Nan na zo wurin da na fi ƙwarewa. Kyamarar da muke koyo da ita tsohuwa ce, ba ta da inji, da hannu ake juya ta, akwai wani mariƙi a gefe irin na keken ɗinki. Dokar ita ce juyi biyu a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. In ka rage sauri, ranar haskawa mutanen cikin fim za su riƙa tsere. In ka ƙara, za su riƙa motsi kamar masu tafiya cikin kogi. Na gaya wa baƙin sirrina, cewa ni luguden matan gidanmu nake ji a kaina, hannuna yana bi. Har na gwada musu a iska, ina juya hannu ina lumshe ido.

Sai wani siriri daga can baya ya ɗaga hannu. Bawa sunansa, mai sanyin magana ne. Ya ce, “Yaya, to idan kana cikin juyin sai babba ya zo ya gaishe ka fa?”

Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Na ce, “Ɗan'uwa, ka bar ƙauye a ƙauye. Mai kyamara ba shi da babba. Ko zaki ne ya fito daga daji, hannu ba ya canjawa.” Suka yi ta gyaɗa kai, wani ma har rubutawa ya yi. (Ya nuna mini takardar bayan shekara ashirin, mara mutunci.)

Ba a yi wata biyu ba Mai Lofe ya ce ana son ɗan gajeren fim a kan yadda ake cire zuma cikin tsabta, wa ya san mai zuma? Kafin ya rufe baki na miƙe. Na ga dama ta samu: in ɗauki Kawu da hannuna, ya ga kansa a jikin ƙyalle, magana ta ƙare. Mai Lofe ya amince, ya ce a tafi da sababbin ɗalibai su ga yadda ake aiki. Na aika wa Kawu saƙo, ya aiko da amsa cewa ya yarda, amma ba a cire zuma da rana, sai duhu ya yi ƙudan sun lafa. Na mayar masa da cewa kyamara ba ta gani sai da rana. Ya sake aikowa da kalma biyu: “To, shikenan.” Da ina da hankali da na ji tsoron wannan amsa.

Muka kwana a Birnin Gwari, da sassafe muka kama hanyar Randagi, motar tana tsalle muna tsalle. Da muka isa aka ce Kawu ya riga ya shiga daji tun bayan asuba, shi da 'ya'yansa biyu. Ka riƙe wannan da kyau, mai karatu: ban gan shi ba balle in gaishe shi, kuma rabona da shi wata goma sha ɗaya. Muka bi sawunsu har wani fili mai manyan itatuwan ɗorawa, ga amyoyi an rataye a rassa. Muka hango Kawu can nesa cikin babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, 'ya'yan sun sauko da amya ɗaya da igiya, suna busa mata hayaƙi.

Na so in je in gaishe shi, Mai Lofe ya dubi sama ya ce rana ta yi daidai, gajimare na tahowa, a fara yanzu. Aka aika wa Kawu bayanin abin da zai yi: ya cika ƙwarya da saƙar zuma, ya taho da ita a hankali har gaban kyamara, ya nuna. Fim ɗin ba ya ɗaukar murya, don haka ko ya yi magana ba laifi. Na kafa kyamara, na saita ta, na gyara tsayuwa. Shi kuwa Mai Lofe, da ya ji gunjin ƙudan, sai ya tuna yana da wani aiki a cikin mota. Ya shiga ya ɗaga gilashi. Sababbin ɗalibai suka ja baya, Bawa kaɗai ya tsaya kusa da ni.

Na fara juyi. Lugude na tafiya a kaina, hannu na bi, komai lafiya lau. Kawu ya ɗauki ƙwarya ya taho. Ya yi taku kamar goma sai ya ɗago kai, ya gane ni ne a bayan akwatin, ya ce, “A'a, ɗan nan, kai ne? Ka kwana lafiya?”

Wallahi ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Wata goma sha ɗaya na Kaduna, da fensir, da kaki, duk suka watse. Na tsuguna, na cire hula da hagu, na sunkuyar da kai, hannun dama yana can sama a kan mariƙi kamar na mai tsinkar mangwaro.

“Lafiya lau, Kawu. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Ya hanya?”

“Alhamdu lillahi, Kawu.”

“Ya mutanen Kaduna? Ya karatu? Ya haƙuri da mu?”

Ka san gaisuwar dattijo ba a yi mata gaggawa. Yana tambaya a hankali, ina amsawa a hankali, ashe hannuna ya bar lugude ya koma bin gaisuwa. Juyi ɗaya a kan “ya gida”, juyi ɗaya a kan “ya iyali”. Bawa ya sunkuyo ya raɗa mini, “Yaya, hannunka.” Na harare shi ta ƙasan ido. Yaron da ya zo jiya ne zai koya mini juyi?

Kawu ya iso daf da kyamara, ya miƙo ƙwarya kamar yadda aka ce. Na miƙe tsaye. To, ƙudan zuma sun biyo ƙwaryarsu, kuma an tashe su da rana tsaka, ransu a ɓace. Kawu ba su taɓa shi, sun san shi. Sai ɗaya ta duba ta ga ga wani baƙo da cinyoyi a waje. Ta shiga ta ƙafar wandon nan da na goge, ta haura, ta sami wurin da ba zan faɗa a takarda ba, ta sauke mini abin da ta zo da shi.

Ban yi ihu ba, wannan kam a yaba mini. Ban saki mariƙi ba, don na tuna baƙi na kallo, kuma ni na ce ko zaki ne. Duk azabar sai ta tafi hannuna. Na riƙa juya kyamarar nan kamar mai markaɗen biki, ido ya kawo ruwa, haƙora a cije. A daidai wannan lokaci zuma ta ɗiga a ɗan yatsan Kawu, shi kuwa bisa sabo ya kai baki ya lashe, abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Ni ban ma gani ba. Fim ya ƙare, na ce an gama, na tafi bayan wata kaɗanya na yi abin da ya kamata in yi tun ɗazu, wato tsalle da salati.

Mai Lofe ya sauke gilashi kaɗan ya ce, “Yaya aiki?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a taɓa ɗaukar irinsa ba.” Wannan ita ce gaskiya ɗaya da na faɗa a ranar.

A lokacin sai an aika fim Ikko an wanke shi. Ya yi mako shida bai dawo ba. Ranar da gwangwanin fim ɗin ya iso ita ce ranar da motar majigi za ta tashi rangadin ƙasar Birnin Gwari. Ka'ida ita ce ba a haska wa jama'a fim sai an duba shi a makaranta (ni da bakina na karanta wa baƙi wannan ka'ida daga kan benci). Amma shekarar da Kawu ya ba ni ta cika har ta gota. Na ce wa Mai Lofe ba sai an duba ba, na san abin da na ɗauka. Ya cire lofe ya dube ni, ya mayar, ya ce to.

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwar Randagi. Labari ya riga ya zagaya cewa yau za a ga mai zuma a majigi. Mutanen Tabanni sun zo, na Kutemeshi sun zo, Fulani sun baro ruga. Aka shimfiɗa wa Kawu buzu a gaba, dattawa na kewaye da shi, har da surukansa. Mata suna can gefe, matarsa Iya a tsakiyarsu. Ni ne mai bayani, an ba ni lasifika, na kuma rubuto jawabina tun daga Kaduna, na haddace.

Inji ya tashi, haske ya faɗa kan ƙyalle. Ga ɗorawa, ga amya, ga hayaƙi, ga Kawu can nesa ya ɗauki ƙwarya. Jama'a suka ce, “Kai! Ga shi nan! Wallahi shi ne!” Na ji kaina ya yi girma. Na gyara murya na ce, “Jama'a, ku dubi yadda dattijo yake tafiya cikin natsuwa da...”

Ban ƙarasa ba Kawu ya zabura. Mutumin da gobara ba ta sa shi sauri ba ya taho a guje, ƙafafu na wutsil-wutsil, babbar riga na kaɗawa, baki na motsi ɓaɓɓaɓɓa kamar mai faɗa da wani (gaisuwar nan ce tamu), kai na gyaɗawa kamar na ƙadangare. Kafin ka ce me, ya cinye filin nan ya iso. Wata tsohuwa ta ce, “Wayyo, ƙudan ne suka biyo shi!” Wani ya ce, “Ashe Malam na da gudu haka?”

Ni kuwa bakina bai san an yi ɓarna ba, ya ci gaba da abin da ya haddace: “...ba gaggawa, ba garaje, haka ake aikin zuma.” Lasifika ta kai maganar har bayan gari.

Ina cikin addu'ar ƙasa ta tsage sai abin ya juye. Fuskar Kawu ta cika ƙyallen nan, komai ya tsaya cak kamar an zuba masa ruwan sanyi. A hankali, a hankali, ɗan yatsa ya taso. Zuma na nannaɗowa a jikinsa. Baki ya buɗe. Harshe ya fito, harshen Kawu, wanda ko Iya ban tabbata ta taɓa gani ba, ga shi faɗin tabarma a gaban surukai. Ya bi yatsan nan daga gindi har ƙarshe, ido a lumshe, gemu na rawa. Na rantse lasar nan ta fi gudun daɗewa. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji.

Iya ce ta fara. Ta yi ƙoƙarin toshe baki da mayafi, abin ya fi ƙarfinta, ta fashe. Shikenan, kasuwa ta ɗauka. Maza na riƙe ciki, mata na faɗawa jikin juna, wani Bafulatani ya yar da sandarsa ya zauna a ƙasa. Na waiwaya na ga Mai Lofe ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Sababbin ɗalibai bakwai suna jere suna kallona, ba wanda ya yi dariya a cikinsu, kuma wannan ya fi mini ciwo. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana na zafi. Na ajiye lasifika. Na san makaranta ta ƙare, na fara tunanin yadda zan yi da amya arba'in da cinyoyina biyu.

Kawu bai motsa ba har fim ya ƙare. Da aka yi shiru sai ya ɗaga hannu ya yafito ni. Na je na tsuguna, wannan karon ba kyamara a hannuna.

“Ɗan nan, wancan mai gudun, ni ne?”

“Kai ne, Kawu. Hannuna ne ya...”

“Rabona da gudu irin wannan tun ina saurayi, ranar da ɓauna ta kore ni a bakin rafi.” Ya shafa gwiwarsa mai ciwo. “A sake sa shi in gani.”

Aka sake sawa. Aka kuma sakewa. A karo na uku na ga gemun Kawu yana motsi, ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga. Wurin lasar yatsa kuwa sai ya dubi surukansa ya ce, “Kun dai gani da idonku, zumata ba ta da algus.”

Da jama'a suka fara watsewa na matsa na ce, “Kawu, maganar makaranta fa?”

Ya ce, “Na ce in wasa ne ka dawo. Abin da zai sa gurgun tsoho gudu ba wasa ba ne. Amma ba ka iya ba. Koma ka ƙarasa.” Ya miƙe a hankali, ya gyara riga, ya ƙara da cewa, “Kuma hannun da bai iya juya ƙarfe daidai ba, ba zan ba shi amyata ya kashe mini ƙuda ba.”

Haka na koma Kaduna, ba don na ƙware ba sai don na kasa. A mota sai da muka yi nisa, sannan Bawa ya matso, cikin ladabinsa, ya ce, “Yaya, ashe zakin ƙarami ne.” (Shi ya zama babban abokina daga baya, kuma ya fi ni iya juyi nesa ba kusa ba.)

Mai Lofe bai kore ni ba, amma ya yi mini abin da ya fi kora. Ya ajiye fim ɗin a makaranta, duk shekara in sababbin ɗalibai sun zo, shi ake fara haska musu a ranar farko, don su ga abin da ba a yi. Ni kuma aka bar mini aikin yi musu jawabin maraba. Sai dai na daina hawa benci, jawabin kuma ya gajarce ƙwarai. In na gama maganar tuwo da kuɗin cizo, nakan ce musu abu biyu kawai na sani tabbas a aikin nan. Na ɗaya, ka gaida manya ka gama kafin ka taɓa mariƙi. Na biyu, in an ce za a ɗauki zuma, ka ari dogon wando.